Kantun hatsi da gujiya: maganar abin taɓawar ɗiyanmu

Wannan shi ne jawabin da malamin lakwal ɗin garinmu ya yi a taron ƙungiya na bayan kaka, da sunanshi da na abokan aikinshi. An buga shi nan yadda ya faɗe shi domin waɗanda ke wajen bida, ba su samu zuwa ba.

Baba Maigari, Malam Liman, iyayenmu dattawa maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu ƴan bida da kunka taso daga Yamai, Maraɗi, Damagaram, Agadas, Ikko, Kwatanu da Abijan, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode wa shugabannin ƙungiya da sunka ba mu wuri mu yi magana. Mu yara ne a gabanku. Da yawa cikinku kun ga ranar sunanmu. In mun faɗi abin da bai yi daɗi ba, a yi mana gafara, a ɗauke shi maganar ɗa ga ubanshi.

Bara mun zo nan da maganar rufin aji, kun taimaka, an rufe. Bana ba kuɗɗi munka zo roƙo ba. Maganar da munka kawo ƙarama ce a ido, har wani na iya cewa mushe ya rasa abin faɗi: maganar abin da yaro ke sawa a baki da ƙarfe goma na safe, lokacin da munka sake su shan iska.

Ga abin da muke gani kullum. Yaro ya taso gida bai ci komi ba, ko ya sha ɗan ruwan fura, uwa ta miƙa mishi dala biyar. Ana buga ƙararrawa sai ya ruga wajen mai tebur ya sayi biskit na leda ko alawa guda biyu uku, ko wannan garin mai launi da ake lasa har harshe ya koma ja. Kafin ya iso bakin aji ya cinye. Da ƙarfe sha ɗaya, daidai lokacin da muke lissafi, sai ka ga kawuna sun fara sauka bisa tebur, wannan na hamma, wancan ya riƙe ciki. Da farko mun ɗauka ƙyuya ce, har mun yi faɗa, Allah ya yafe mana. Sai da munka riƙa tambayarsu ɗaya ɗaya, me ka ci yau, sannan munka gane yunwa ce. Lakwal ɗinmu ba shi da kantin da ake dafa wa yara abinci, duk kun sani. Abin da yaro ya saya da dala biyar ɗin nan, shi ne abincinshi har azahar.

Wata ranar Juma'a munka sa ƴan babban aji su tsince ledojin da ke cikin fili, munka zube su bisa tebur, munka yi darasin karatu da su. Akwai ƙa'ida ga masu yin abincin leda: dole su rubuta abin da sunka zuba ciki, kuma a jere, wanda ya fi yawa shi ne na farko. Ko da Faransanci anka rubuta ko da Ingilishi, kusan duk abu guda munka karanta: farin garin alkama, sai sukari, sai mai, sai gishiri da kayan ƙamshi da launi. Na alawa kuwa sukari ne tun daga farko. Ba guba ba ce, kada a ce mun ce guba ce. Amma farin gari da sukari ba su daɗewa cikin ciki. Suna narkewa nan da nan, yaro ya ji ƙarfi na ɗan lokaci, sannan yunwa ta komo. Abin da ke gina jiki da ƙara jini kaɗan ne ƙwarai a ciki. Wasu ledojin ma kwanan watan da anka rubuta musu ya wuce, ga su sun sha rana bisa tebur.

A shekarar 2015 ƙungiyar kiwon lafiya ta duniya, wadda muke kira OMS, ta fid da shawara game da sukari. Ta ce sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya kai kashi 1 cikin 10 na ƙarfin da mutum ke samu daga cimarshi ta yini, in an iya rage shi zuwa rabin haka ya fi. Ga babban mutum, kashi 1 cikin 10 ɗin nan wajen garam 50 ne, rabinshi garam 25, wato kamar ƙaramin cokali 6. Na yaro bai kai haka ba. To gwangwani guda na lemun kwalba mai santilita 33, irin baƙin nan da kowa ya sani, yana ɗauke da wajen garam 35. Ku auna da kanku. Mu manya ma, masu zama majalisar shayi, in munka ƙirga abin da muke zubawa cikin barrada daga na farko zuwa na uku, kunya za ta kama mu. Amma wannan maganar wata rana ce.

Inda abin ya fi bayyana shi ne haƙora. Akwai ƴan ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin bakin kowa. In sun samu sukari sai su mai da shi tsami, tsamin nan ne ke cin haƙori a hankali har ya yi rami. Ba yawan sukarin kaɗai ke ɓarna ba, har da yawan maimaitawa: yaron da ke tsotsar alawa sau biyar a yini ya fi shiga haɗari bisa wanda ya ci zaƙi sau ɗaya bayan tuwo ya kurkure baki. Muna da ƴan aji na biyu da na uku da turamen haƙoransu sunka yi baƙi. Wata yarinya ta yi sati biyu ba ta zo ba saboda kumburin kunci, sai da ubanta ya biya mota ya kai ta birni anka cire. Kuɗɗin mota da na magani sun fi abin da ta ci na alawa a shekara.

Mu yi lissafi, tunda aikinmu ne. Dala biyar kullum, kwana 20 na lakwal a wata, dala ɗari ke nan ga yaro guda. Mai ɗiya huɗu, jikka 2 a wata. Daga Oktoba zuwa Yuni, wata 9, jikka 18. Ku ƴan bida kun fi mu sanin yadda ake wahala kafin a haɗa jikka 18, ko da turin kura ne ko da tallan ruwa ko da dako a tasha. Wannan kuɗɗi kuwa kaɗan ne ke tsayawa garin nan. Mai tebur ya ɗauki ƴar ribarshi, sauran ya bi mota ya koma inda kwalin ya fito. Abin da ake bar mana shi ne leda, wadda iska ke rataye ga ƙaya, awaki su haɗiye, su rame, a yanka a tarad da ita dunƙule cikin tumbi. Tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana wasu irin ledoji, amma ku duba bayan kasuwa ku ga abin da ke kwance.

To mene ne abin yi? Hana yaro zaƙi ba ya yiwuwa, mu ma da muna yara mun bi mai alawa. Kuma iyayenmu mata ba su jira mu ba: dakuwa, ƙuli-ƙuli, kantun riɗi, nakiya, alkaki, duk sun san su tun ba a haife mu ba. Ƙuli-ƙuli da dakuwa sun fi biskit nesa ba kusa ba. Sai dai yaran yanzu sun ɗauka abin da ba ya cikin leda mai ƙyalli abin ƙauye ne, kuma kantun riɗi, ku duba da kyau, narkakken sukari ne ke riƙe da shi. Shi ya sa munka zauna da matanmu da wasu uwayen yara guda uku, munka nemi wani abu da zai yi kama da na kanti ga ido, a yanka shi daidai, ya shiga aljihu bai rugurguje ba, ya riƙe ciki har azahar, kuma a yi shi da abin da ke cikin rumbunmu. A ƙasashen Turai da Amurka ana yin irin wannan da hatsinsu da ƴaƴan itace, a gasa, a yanka sanda-sanda. Mu kuwa munka ce hatsi da gujiya da riɗi da dabino sun ishe mu. Yara sunka sa mishi suna kantun hatsi, sunan ya bi shi.

Ga yadda ake yi, muna roƙon uwayenmu su saurara, wanda ya iya rubutu ya rubuta. Ma'auninmu gwangwanin madara ne ƙarami, amma kowane gwangwani ya yi, in dai da shi za a auna komi. Hatsi gwangwani 3, gujiya ɓararra gwangwani 2, riɗi gwangwani 1, dabino wanda anka cire wa ƙwallo gwangwani 2, gishiri ɗan kaɗan tsakanin yatsa uku, citta da kanumfari gwargwadon son mutum. Ba a sa sukari.

Hatsi a surfa shi sama-sama, kada a matsa da surfe, domin da yawa daga cikin abin da ke ƙara jini yana tafiya tare da dusa. A wanke, a rairaye tsakuwa, a shanya ya bushe sarai, sannan a soya shi cikin kasko ba mai, da wuta marar ƙarfi, ana juyawa har ya yi ƙamshi ya ɗan canza launi. In ya huce a daka ko a kai inji, a tankaɗe. Wannan suya ita ce dahuwarshi, kada a yi mata gaggawa; garin da bai soyu ba yana ɗanye-ɗanye a baki, yaro ya ci sau ɗaya ba ya ƙarawa.

Riɗi shi ne mai wahala. A wanke shi ruwa biyu uku, a rairaye da haƙuri, domin ƙasa na ɓoye cikinshi. Karo na farko da munka gwada, wadda ta wanke ta yi sauri, duk wanda ya tauna sai ya ji ƙaras, munka ba kaji. In ya tsane a soya shi kaɗan, da ya fara tsalle cikin kasko a sauke. In ya wuce haka ya yi ɗaci, ba kuwa abin da ke gyara shi.

Gujiya a soya ta cikin rairayi kamar yadda aka saba, a murje ɓawo, a bakace. A raba biyu: rabi a daka shi lilis har mai ya fara fitowa ya zama kamar tuwo, ba a matse man ba, rabi kuwa a ɓarza shi kawai domin a riƙa jin shi a haƙori. Dabino a tsaga kowane guda a duba, saboda tsutsa, a wanke, a jiƙa cikin ruwan zafi kaɗan kamar rabin awa, a tsame, a kirɓa a turmi har ya haɗe. Kada a zubar da ruwan jiƙon.

Sai a haɗa duka cikin ƙwarya ko kwano, hannu wanke da sabulu, a cuɗa. In an dunƙula cikin tafi ya tsaya, ya yi. In yana wargajewa a ƙara ruwan dabino cokali ɗaya ɗaya, ba da moɗa ba. A nan ne munka yi kuskure na biyu: mun zuba ruwa da yawa don ya yi sauƙin cuɗawa, ya gasu daga waje cikinshi da danshi, kwana uku ya yi fumfuna. A shafa wa faranti na ƙarfe ɗan man gujiya, a zuba, a danne da gindin kwalba ko muciya da ƙarfi ƙwarai, kaurin yatsa guda, a tsaga shi da wuƙa tun yana ɗanye, faɗin yatsa biyu, tsawon yatsa guda. Wannan awo na ba da guda 20 zuwa 25.

Wani dattijo ya tambaye mu, tunda an riga an soya komi, me ya kawo gashi, ai dakuwa ba a gasa ta. Gaskiyarshi. Amma dakuwa ba a zuba mata ruwa, wannan kuwa akwai jiƙaƙƙen dabino ciki. Gashi ne ke kore danshin, ya kashe abin da hannu ya bari, ya sa kantun ya yi tauri ya jure aljihun yaro da tafiyar mota.

Ba sai da tanderun birni ba. A samu babbar tukunyar ƙarfe, a zuba rairayi mai tsabta a gindinta kaurin yatsa uku, a aza duwatsu uku ƙanana bisa rairayin, a rufe, a bar ta bisa wuta ta yi zafi. Domin a gane zafin, a barbaɗa ɗan gari bisa wani marfi a sa ciki: in ya ƙone nan take, wuta ta yi yawa, a janye itace, in ya yi ja a hankali, daidai ne. A aza farantin bisa duwatsun, a rufe, a zuba ɗan garwashi bisa marfi. Minti 20 zuwa 30, gefe ya yi ja, ƙamshi ya tashi, sai a fid da shi. Zai yi laushi lokacin da ya fito, kada a ce bai yi ba. Sai ya huce yake tauri. A sake bin tsagar da wuƙa tun da ɗuminshi, a bar shi ya sha iska sarai kafin a rufe cikin gwangwani mai marfi. Da rani ya yi mana sati guda lafiya. Da damina kada a wuce kwana uku ko huɗu. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce tanderun mai burodi: bayan ya kwashe burodin safe, zafin da ya rage ya isa ya gasa faranti da yawa ba a ƙara ko itace guda ba. Mun yi magana da shi, bai ƙi ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran nauyi, muna roƙo a buɗe kunne. Ita ce zaɓen gujiya. Akwai wata fumfuna da ke kama gujiya da masara in an bar su da danshi, ko in fari ya kama shuka gab da nuna, ko ƙwari sunka huda kwanso. Fumfunar nan na fid da wani dafi da ake kira aflatoksin. An gano shi bayan 1960, shekarar da talo-talo fiye da 100,000 sunka mutu a Ingila saboda tunkuzar gujiya da anka kawo daga Burazil. Dafin nan hanta yake ci. In ya taru a jiki shekara da shekaru yana kawo kansar hanta, balle ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta irin ta B, wadda ke da yawa a ƙasashenmu. Abin tsoro shi ne suya ba ta gamawa da shi, gashi ma haka. Maganinshi ido da hannu: a baza gujiya bisa faifai da rana tsaka, a tsince duk wadda ta yamutse, wadda ta yi baƙi ko kore, wadda ƙwaro ya ci, wadda ta fashe ta canza launi. In an tauna an ji ɗaci a tofar. Kuma wadda anka tsince kada a ce asara ce a tura ta cikin ƙuli-ƙuli, kamar yadda muke gani ana yi, kada kuma a ba akuyar da ake tatsa, domin dafin na bi ta cikin nono. A binne ta. Tun daga gona ake farawa: a shanya ta bushe sosai, ba bisa ƙasa mai laima ba, buhu kuma a aza shi bisa itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango. In ba za a yi wannan tsinta ba, gara a bar yaro da biskit ɗinshi. Mun faɗa da gaske.

Iyayenmu, ku kun fi mu sanin darajar gujiya. Kun ba mu labarin zamanin SONARA, kamfanin da anka kafa a 1962 domin sayen ta, lokacin da ake tara buhuna kamar tsauni a kasuwannin Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai, ita ce babbar hajar da ƙasa ke fitarwa waje, kafin farin 1973 da cutar da ta kama shuka a 1975 su karya ta. Turawa ba don banza sunka yi ta kwasar ta ba: kusan rabin nauyinta mai ne, kashi 1 cikin 4 kuwa abin gina jiki ne irin wanda ake nema ga nama da wake. Ku tuna kuma 2005, shekarar da likitoci sunka cika Maraɗi saboda yara masu tamowa. Abin da anka yi ta ba su cikin ƴar leda, Plumpy'Nut, wanda wani likitan Faransa, André Briend, ya haɗa tare da wani kamfani a 1996, ba wani abu ba ne illa niƙaƙƙiyar gujiya da garin madara da mai da sukari da sinadaran ƙarin lafiya. Amma a kiyaye: wancan magani ne, na yaron da anka auna a likita anka ga ya rame, ba na saye a kasuwa a ba mai lafiya ba ne. Kantunmu kuma ba ya maye gurbinshi. Yaron da ya rame ko ƙafafunshi sunka kumbura, likita za a kai shi, ba turmi za a nufa ba.

Kada kuma mu yi wa abinmu kirarin da ya wuce shi. Dabino ma zaƙi ne, yana kuma manne wa haƙori, don haka yaro ya ci guda ɗaya, ya sha ruwa ya kurkure, da dare ya yi asuwaki. Wanda ya ce zai sa zuma maimakon dabino, ya sani OMS ta lissafa zuma cikin sukari, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma ko kaɗan. Ƙananan da ba su iya tauna da kyau ba, ƴan ƙasa da shekara huɗu ko biyar, a daka musu gujiyar duka, kada ɓarzajjiya ta sarƙe su. Akwai kuma yaran da jininsu bai haɗu da gujiya ko riɗi ba. In an ga leɓe ya kumbura, ko jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ko numfashi na wuya bayan an ci, a gaggauta zuwa likita, kada a sake ba shi. Kuma kantu ba ya hana kunu ko fura da nono da safe. Wanda ya samu ya ba ɗanshi ya sha kafin ya fito, shi ya fi kowa.

Mun zo gare ku, yayyenmu da ƙannenmu ƴan bida, domin a nan maganar ke da ƙaiƙayi. Mun san mutum ba ya shekara a waje ya shigo gida hannu sake. Mun san yadda yara ke kewaye mota, da yadda ake duban wanda ya sauko da kwalin biskit da buhun alawa. Ba mu ce ku bar tsaraba ba, mu ma muna jiran tamu. Amma sati biyun da ke bin dawowarku, da na bayan salla, su ne lokacin da muka fi jin ciwon ciki da ciwon haƙori cikin aji. Abin da muke roƙo shi ne a canza abin da ke cikin kwalin. Masu zuwa daga Agadas, Arlit, Aljeriya da Libiya, dabino ya fi araha wajenku, kuma busasshen dabino na wata da watanni bai lalace ba. Yana cikin kayan nan da ba mu nomawa, shi ne kuma mai tsadar. Masu zuwa daga kurmi, ku riƙo citta, da farantan gashi irin na masu burodi. Alawa ku kawo daidai ta ranar isowa, yara su yi murna, shi ke nan.

Wani zai ce to mai tebur fa, da matan da ke saida abinci bakin lakwal, za a kashe musu kasuwa? Su ma ƴan garin nan ne. Nufinmu su ne za su riƙa yin kantun su saida, mai tebur ya aza shi gaba ga biskit. Kuɗɗin guda ɗaya sai an yi lissafi da farashin tiya na lokacin, kuma ba mu ɓoye muku ba, in dabino saye ne a kasuwarmu da wuya ya tsaya dala biyar sai an rage girmanshi. Shi ya sa tsarabar dabino ke da amfani. Sharaɗi guda muke roƙon Baba Maigari ya tsaya mana a kai: kada a ɗora wa yarinya ƴar lakwal faranti ta yi talla lokacin karatu. In abin zai fid da ƴan mata daga aji, mun janye maganarmu tun yanzu.

Wata shida ke nan muna gwadawa da ɗiyanmu na gida da wasu ƴan aji da uwayensu sunka yarda. Ba mu da ma'aunin likita, abin da ido ya gani kaɗai za mu faɗa: waɗanda sunka ci ba su cika kwantawa bisa tebur da sha ɗaya ba. Ba duka sunka so shi ba. Wasu sun ce citta ta yi yawa, munka rage. Wani yaro ya musanya nashi da alawa biyu a gabanmu, ko kunya bai ji ba.

Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za a yi gwaji a filin lakwal, gindin bedi. Mun tanadi hatsi da tukunya da itace. Muna neman gujiya tiya guda da riɗi rabin tiya daga wanda Allah ya hore wa, turmi biyu, da uwaye kamar goma waɗanda za su koya su koya wa na unguwarsu. Ga faranti nan mun kawo wanda anka gasa jiya, za a zagaya da shi yanzu, a fara daga wajen dattawa. Masu sauran haƙora kaɗan su jiƙa cikin shayi.